Creed Aventus a Zafin Legas: Kwalbar Asali, Tsiyaye, Makamanci ko Turaren Mai?

Wani ƙanina da ke aiki a Ikeja, wanda bikinsa ya matso, ya same ni a gida a Agege bayan sallar la'asar, ya miƙo mini wayarsa da hoton wata kwalba mai baƙi da ruwan azurfa, ɗauke da tambarin mahayin doki. Ya ce, "Yaya, don Allah ka faɗa mini gaskiya, wannan turaren ya kai kuɗin da ake faɗa, ko suna ne kawai ake saya?" Ya riga ya tara kuɗin, kuma abokansa sun rabu biyu: wasu sun ce ango ba ya rowa da kansa, wasu sun ce akwai na Dubai mai ƙamshi iri ɗaya wanda bai kai kashi ɗaya cikin goma na kuɗin ba. Na daɗe ina amfani da turaruka iri-iri a garin nan, na sayi mai kyau, an kuma taɓa cuta ta, don haka na ga ya dace in shimfiɗa amsar dalla-dalla domin duk wanda yake cikin irin wannan ruɗani.

Turaren da ake magana a kai shi ne Aventus na gidan turaren Creed, wanda ya fito a shekarar 2010, kuma kamfanin ya danganta shi da rayuwar Napoleon, sarkin Faransa. Da zarar an fesa shi, abin da ke fara dukan hanci shi ne ƙamshin abarba da tuffa da wani nau'in lemo mai suna bergamot, sannan a hankali wani ƙauri mai daɗi kamar na itacen da ya sha wuta ya biyo baya, daga ƙarshe ya kwanta a kan miski da ambar. Wannan haɗi na 'ya'yan itace da hayaƙi shi ya ɗaga sunansa, har ya zama ɗaya daga cikin turarukan maza da aka fi kwaikwaya a duniya. A shekarar 2023 kamfanin Kering na Faransa, mai Gucci, ya saye gidan Creed gaba ɗaya. A kantunan Amurka kwalba mai mililita 100 tana kusa da dala 500, kuma daga wannan adadi ne za mu gina lissafinmu.

Ma'aunan da ya kamata a auna da su

Na farko shi ne kuɗi, amma ba kuɗin kwalba kaɗai ba. Hanya mafi adalci ita ce a lissafa abin da feshi ɗaya yake ci. Feshi guda yana fitar da kusan kashi ɗaya cikin goma na mililita, wato kwalba mai mililita 100 tana ba da feshi kusan 1,000, kuma mai fesa biyar a rana zai cinye ta cikin kwana 200. Tun da aka sake wa naira mara a watan Yunin 2023, farashin duk wani turaren waje yana bin dala ne sau da ƙafa, saboda haka zan riƙa lissafi da dala ɗaya a kan naira 1,500, mai karatu kuma ya gyara da canjin ranar da zai saya.

Na biyu shi ne daɗewa, kuma a nan ne Legas take da nata hukunci. Wanda ya saba da Kano ko Katsina ya san cewa a can busasshiyar fata ce ke shanye turare, musamman da hunturu. A nan kuwa iska a jiƙe take kusan duk shekara, zafin rana yana yawo a kusa da digiri 30 ko sama da haka, ga gumi ba ya yankewa. Zafi yana tayar da turare da ƙarfi a sa'ar farko, sannan ya ƙone sassansa masu sauƙi, irin su lemo da abarba, da wuri. Wanda ya fito daga gida mai na'urar sanyaya ɗaki, ya shiga mota mai sanyi, ya sauka a ofis a Victoria Island, ba zai samu sakamako ɗaya da wanda ya tsaya jiran motar BRT a Oshodi ko ya yi awa biyu a gosulo a kan gadar Third Mainland cikin danfo ba. Daɗewa kuma tana da wata fuska: tsawon lokacin da kwalbar kanta za ta yi a ɗaki ba ta juya ba.

Na uku shi ne sauƙi, wato sauƙin samun sa, sauƙin ɗaukar sa, da kuma wuraren da ya dace a shiga da shi. Na huɗu shi ne haɗari: jabu, ƙaiƙayin fata, tabo a tufafi, da asarar kuɗi a kan abin da hanci zai gaji da shi bayan mako biyu. Akwai kuma ma'auni na biyar da ba a cika samun sa a rubuce-rubucen Turawa ba, amma a wurinmu yana da nauyi, wato batun alkohol da salla. Duk turaren feshi irin wannan alkohol ne mafi yawan ruwansa. Malamai sun yi saɓani a kan hukuncinsa, wasu suna ganin ba najasa ba ne, wasu suna ganin barin sa ya fi, kuma wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya kamata ya tambayi malamin da ya yarda da shi tun kafin ya fitar da kuɗi, ba bayan kwalba ta zo gida ba.

Kwalbar asali

A lissafinmu, dala 500 ta zama naira 750,000, kuma sau da yawa a kantunan Legas farashin yakan haura haka saboda kuɗin kwastan da hayar shago da ribar ɗan kasuwa. Feshi ɗaya ke nan ya kama naira 750, feshi biyar na fita aiki kuma naira 3,750 a kowace safiya. Domin a ga girman abin, mafi ƙarancin albashi da gwamnatin tarayya ta amince da shi a 2024 naira 70,000 ne, Jihar Legas kuma ta sanya nata a naira 85,000, wato kwalba ɗaya ta lashe albashin ƙaramin ma'aikacin jihar na kusan wata tara. Wasu sukan ce to a sayi ƙarama mai mililita 50, amma ita ba rabin kuɗi ake sayar da ita ba, takan kai kashi biyu cikin uku na kuɗin babbar ko fiye, don haka feshinta ya fi tsada.

Me mutum yake samu da wannan kuɗi? Dole a yi wa turaren adalci. Mintuna ashirin na farko na Aventus na asali suna da wani laushi da haske waɗanda ban taɓa samu a wani makamancinsa ba. Abarbar tana fitowa kamar wadda aka yanka yanzu, ba kamar ta alewa ba, kuma hayaƙin yana shigowa a hankali ba tare da ya shaƙe mutum ba. Ba ya hawa kai, ba ya damun wanda ke zaune kusa da kai a taro, kuma yana tafiya da babbar riga kamar yadda yake tafiya da kwat. Wannan daidaito shi ne ainihin abin da ake biya.

Ta fuskar daɗewa kuwa, a nan nake da ƙorafi. A jikina, ranar da nake yawo a waje, bayan awa biyar zuwa shida sai na kai hancina kusa da wuyan hannu kafin in ji shi, ko da yake a jikin shadda ko a cikin hula yakan kwana har washegari. Ga turaren da ya kai wannan kuɗi, wannan ba abin alfahari ba ne. Sannan masu bibiyar Aventus sun daɗe suna muhawara a kan bambancin da ke tsakanin zubi da zubi, wato kowane karo da kamfanin ya haɗa turaren ya ɗura: wani zubin abarba ta fi yawa, wani hayaƙi ya fi yawa, har akwai masu neman kwalba ta wata shekara takamaimai. Wani ɓangare na wannan sauyi ya shafi masana'antar turare baki ɗaya, domin Tarayyar Turai ta hana wasu sinadaran ƙamshi da aka daɗe ana amfani da su, kamar Lyral a 2021 da Lilial a 2022, an kuma taƙaita amfani da gansakukar itacen oak saboda tana jawo wa wasu ƙaiƙayi, lamarin da ya tilasta wa kamfanoni da yawa sake haɗa turarukansu. Ma'anar wannan ga mai saye ita ce, ƙamshin da ka ji a jikin wani alhaji shekara takwas da suka wuce ba lallai ne ya zama shi ne cikin kwalbar da za a miƙo maka yau ba.

Babban haɗarin dai shi ne jabu, kuma ina so in tsaya a kansa sosai, domin a nan ne mutanenmu suka fi yin asara. Shekarun baya na sayi kwalba a hannun wani mai talla a intanet a kan abin da bai kai rabin farashi ba, bisa hujjar cewa ta gwaji ce da kantuna ke ajiyewa, shi ya sa babu kwali. Kwalbar ta asali ce, nauyinta da rubutunta duk daidai, amma abin da ke ciki wani ruwa ne daban. Da na fesa sai warin alkohol ya buge ni, ƙamshin ya ɓace kafin in isa bakin titi, kuma da yamma gefen wuyana ya yi ja yana ƙaiƙayi. Daga baya na lura bakin ƙarfen da ke riƙe da abin feshin ya ɗan lotsa, alamar an ɓalle shi an sake matse shi. Akwai masu sayen kwalaben turare da suka ƙare domin wannan aiki, kuma ba wanda ya san abin da suke zubawa. Wasu jabun turaruka sukan ƙunshi methanol, wanda guba ne.

Saboda haka duk wanda ya yanke shawarar sayen asali, kada ya nemi araha. Ya je kantin da ke da adireshi tsayayye kuma yake ba da rasit, irin waɗanda ke cikin manyan rukunonin kantuna kamar The Palms a Lekki ko Ikeja City Mall a Alausa, ko ya ba amintaccen matafiyi saƙo ya sayo a shagon kamfanin a waje. Ya duba lambar zubi da ke ƙarƙashin kwalba ya ga ta yi daidai da ta jikin kwali, ya duba rubutun ko akwai kuskuren harafi, ya gwada murfin da abin feshin, domin na asali yana fitar da raɓa mai laushi ne, ba tsartuwa ba. A kasuwar Balogun da ta Trade Fair akwai 'yan kasuwa masu amana da yawa, amma a can ne kuma za ka ji ana cewa "lamba ɗaya ne, daga Dubai aka sauke shi jiya." Duk Aventus ɗin da aka kira lamba ɗaya, kuma aka yi masa kuɗin da bai kai na takalmi ba, mai sayarwa ya riga ya faɗa maka ba na asali ba ne. Hukumar NAFDAC ce ke da alhakin sa ido a kan kayan shafe-shafe, tana kuma kai samame lokaci-lokaci, amma kasuwar ta fi ƙarfin a dogara da samame kaɗai.

Ajiya ma aiki ce. Turare ba ya son zafi, ba ya son hasken rana, ba ya son tururin banɗaki. Kwalbar da aka bari a cikin mota tana gasuwa a rana a Apapa za ta juya cikin 'yan watanni, lemonta ya yi tsami. A mayar da ita cikin kwalinta, a sa ta can cikin durowar tufafi, a nan takan yi shekaru lafiya.

Tsiyaye daga kwalbar asali

Akwai masu sayen babbar kwalba ta asali su riƙa tsiyayawa cikin ƙananan kwalabe na mililita 5 ko 10 suna sayarwa. Mililita 10 kashi ɗaya ne cikin goma na babbar kwalba, wato naira 75,000 a lissafinmu, sai a ɗora ribar mai tsiyayawa da kuɗin ƙaramar kwalbar. Feshi ɗaya ya ɗan fi na babbar kwalba tsada ke nan, amma abin da ya fita daga aljihu gaba ɗaya ya ragu ƙwarai, kuma mutum ya samu feshi kusan 100, wanda zai ishe shi kwana ashirin a jere, ko kuma Juma'o'i da bukukuwan kusan rabin shekara idan ya keɓe shi domin su.

Wannan ita ce hanyar da na fi ba mutane shawara su fara da ita, saboda dalili ɗaya: takardar gwaji da ake fesawa a kanti mai sanyi ba ta faɗin gaskiyar abin da turare zai yi a jikinka ƙarfe biyu na rana a Mile 12. Fatar kowa da yadda take karɓar turare, wani a jikinsa abarbar ce za ta zauna, wani kuwa hayaƙin ne zai rinjaya har ya koma kamar toka. Sai ka kwana da shi, ka yi gumi da shi, matarka ko abokin zamanka a ofis ya faɗa maka abin da yake ji, sannan za ka san ko naka ne. Ƙaramar kwalbar kuma tana shiga aljihun kaftani, ana iya ƙarawa bayan azahar, abin da ke rufe matsalar rashin daɗewa.

Rauninta shi ne amana. Ba kwali, ba lambar zubi, ba abin da za ka duba sai mutuncin mai sayarwa, kuma yana da sauƙi a sirka da alkohol ko a zuba makamanci a kira shi asali. Mafi kyau shi ne a tsiyaya a gabanka daga kwalbar da ka gani da idonka, ko kuma abokai huɗu ko biyar su haɗa kuɗi su sayi ta asali a kanti su raba. Kada a ajiye tsiyaye ya daɗe, domin ƙananan kwalaben ba su cika rufuwa da kyau ba, turaren yakan tsere a hankali.

Makamanta masu sunan kansu

A nan dole a bambanta abu biyu da mutane ke cakuɗawa. Jabu shi ne wanda ya saci suna da kwalbar wani. Makamanci kuwa turare ne na kamfani sananne, da sunansa da adireshinsa, wanda ya bi salon ƙamshin wani bai ɓoye ba. Mafi shahara a wannan fage shi ne Club de Nuit Intense Man na Armaf, daga Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, wanda ya fito a 2015 cikin baƙar kwalba mai mililita 105. A kasuwannin waje yana tsakanin dala 30 zuwa 50. Idan aka ɗauki dala 35, ya zama naira 52,500, feshi ɗaya kuma naira 50 kacal, wato feshin Aventus guda ɗaya ya sayi nasa goma sha biyar.

Gaskiyar da masu kwalbar asali ba su cika son ji ba ita ce, bayan awa ɗaya a jiki, mafi yawan mutanen da za su wuce ta kusa da kai ba za su iya bambanta su ba, kuma a zafin Legas na Armaf ya fi daɗewa a jikina, ya kuma fi tashi. Gaskiyar da masu na Armaf ba su cika faɗa ba kuwa ita ce, farkonsa yana da kaushi. Mintuna goma zuwa sha biyar na farko lemun tsami ne mai yaji da ke iya sa atishawa, kuma hayaƙinsa ya fi duhu da nauyi. Wanda ya fesa shida ya shiga ƙaramar mota da mutane nan take, ya takura musu. Maganin abin shi ne a fesa uku kafin a karya kumallo, ta yadda kafin a fita ya lafa. Matsala ta biyu ita ce ya yi yawa a gari, a ɗaurin aure ɗaya za ka iya jin sa a jikin mutum biyar. Ta uku kuma, saboda kasuwarsa ta buɗe, shi ma yanzu ana yin jabunsa, don haka araharsa ba ta ɗauke wa mai saye duba kwali da kwalba ba. Matafiya su lura da wani ƙaramin abu: ƙa'idar da aka saba da ita a jiragen ƙasa da ƙasa ita ce kada ruwan da ke jakar hannu ya wuce mililita 100, shi kuwa 105 ne, sai dai a sa shi cikin babban akwati.

Tsakanin waɗannan biyu akwai Montblanc Explorer, wanda ya fito a 2019, kuma kwalbarsa mai mililita 100 tana kusa da dala 100, kimanin naira 150 ke nan kowane feshi. Bai kai na Armaf kama da Aventus ba, hayaƙinsa kaɗan ne, amma yana da tsabta da laushi tun daga farko, ba ya kuma damun kowa. Ga ma'aikacin banki ko asibiti, inda ake zama kusa da juna, ya fi na Armaf dacewa.

Turaren mai

Wannan gidanmu ne, ba baƙo ba. Iyayenmu sun san Bint El Sudan, wanda aka fara yi tun 1920 kuma aka daɗe ana ɗura shi a Kano, kuma har yau a ƙofar masallatan Juma'a na Agege da Idi-Araba da Obalende ba a rasa mai tire da ƙananan kwalabe na miski da ambar da sandal da ud. A ɓangaren mata kuwa humra da turaren wuta na Maiduguri sun riga sun kafa nasu matsayi da babu wani turaren Faransa da ya ture shi.

Turaren mai iri biyu ne a wannan magana. Akwai man da ake aunawa a kira shi da sunan Aventus, wanda yake da araha ƙwarai. Yakan kama kamannin ƙamshin daga nesa, amma ba shi da wannan buɗewar mai haske, saboda alkohol ne ke ɗaga ƙamshi ya watsa shi cikin iska, mai kuwa yana kwantar da shi ne a fata. Ingancinsa ya danganta da inda aka samo shi da abin da aka sirka shi da shi, kuma ba a rubuta komai a jikin kwalbar. Akwai kuma turarukan Larabawa na asali, daga ƙananan kwalaben Al-Rehab masu mililita 6 zuwa na gidaje irin su Ajmal da Abdul Samad Al Qurashi, inda tola ɗaya ta man ud gangariya, kusan mililita 12, za ta iya fin kwalbar Aventus tsada. Waɗannan ba kwaikwayon kowa suke yi ba, hanya ce daban.

Ta fuskar daɗewa, mai ya fi duk sauran jure gumi, ɗigo biyu a bayan kunne da gemu sukan kai mutum dare. Babu kuma batun alkohol, don haka ana shiga salla da shi cikin natsuwa. Aibinsa shi ne tabo. Na taɓa ganin ɗigon ud mai duhu a ƙirjin farar gezna sabuwa ranar ɗaurin aure, ya yi zobe mai ruwan ƙasa wanda wanki da guga ba su fitar da shi duka ba. A shafa shi a fata, a bari ya sha, sannan a sa riga. Ud mai nauyi kuma a cikin zafin rana da cunkoso yana iya yi wa na kusa yawa, musamman abokan aiki da ba su saba da shi ba.

| Zaɓi | Kuɗi a kan dala ɗaya naira 1,500 | Daɗewa a zafin Legas | Sauƙi | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Aventus na asali, mililita 100 | Kusan naira 750,000, feshi ɗaya naira 750 | Matsakaiciya a fata, mai kyau a tufafi | Sai a manyan kantuna ko ta hannun matafiyi | Jabu, da bambancin zubi |
| Tsiyaye, mililita 10 | Daga naira 75,000 zuwa sama | Daidai da ta asali | Yana shiga aljihu | Sirki da rashin amana |
| Club de Nuit Intense Man | Kusan naira 52,500, feshi ɗaya naira 50 | Mai ƙarfi | Ana samu ko'ina | Kaushin farko, yawa a gari, jabu |
| Montblanc Explorer | Kusan naira 150,000, feshi ɗaya naira 150 | Matsakaiciya | Ana samu a kantuna | Bai kama Aventus sosai ba |
| Turaren mai | Daga araha ƙwarai zuwa tsada ƙwarai | Mafi daɗewa | Ƙofar masallaci da kasuwa | Tabo, da rashin sanin haɗinsa |

Wane ne ya dace da wane

Kwalbar asali ta dace da mutumin da kuɗinta ba zai taɓa hayar gida ko kuɗin makarantar yara ko jarin kasuwa ba, wanda ya riga ya gwada turaren a jikinsa na kwanaki ya tabbatar yana son sa domin kansa, kuma mafi yawan yininsa a wuri mai sanyi yake. Irin wannan mutum zai ji bambancin laushin kowace safiya, kuma a wurinsa kuɗin bai tafi a banza ba. Wanda kuwa zai ci bashi ko ya taɓa adashi domin a ce yana da Creed, ina ba shi shawara da gaske ya haƙura, domin waɗanda yake so su sani ba za su gane ba, sai ya faɗa musu da bakinsa.

Ɗan kasuwar da ke yini a rana a Mile 12, da direba, da duk mai zirga-zirga tsakanin tsibiri da cikin gari, na Armaf ko turaren mai ne zai yi masa aiki, tun da su ne ke jure gumi kuma ba a jin zafin ƙarawa. Ma'aikacin ofis da ke son ƙamshi mai kamun kai a kowace rana ya duba Explorer. Wanda batun alkohol ke damun sa, ko yake neman turaren Juma'a da na Idi, ya zuba kuɗinsa a miski ko ud mai kyau daga hannun wanda ya sani, ko da kwata tola ce. Mai son ba da kyauta ga suruki ko maigida kuma ya fara binciken irin ƙamshin da mutumin yake sawa, domin dattijon da ya saba da ud ba lallai ne abarba ta burge shi ba, komai tsadarta.

Shi kuwa ƙanina, abin da na ce masa shi ne, "Ka nemi mutum uku cikin abokan ango ku haɗa kuɗi ku sayi ta asali a kanti ku raba, ko ka sayi mililita 10 a tsiyaya a gabanka. Wannan zai ishe ka kamu da ɗaurin aure da walima har da ziyarar dangi. Ka sayi na Armaf domin zuwa aiki, sauran kuɗin kuma ka ƙara a kayan ɗaki." Ya ɗan yi shiru yana duban hoton kwalbar, sannan ya tambaye ni ko mililita 5 ma za ta isa. Na ce masa feshi hamsin ne, idan bai wuce biyar a rana ba za ta kai shi kwana goma.